Haɗiya da magana bayan maganin kansar baki da maƙogwaro: tambayoyi da amsoshi

Wanda aka yi wa aikin kansar baki ko ta maƙogwaro, ko aka yi masa gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, a Yawunde ko Duwala, yakan dawo arewacin Kamaru da jaka cike da takardun asibiti da murnar an gama. Jirgin ƙasa ya sauke shi a Ngaundere, mota ta gangaro da shi Garwa ko Marwa, gida ya cika da 'yan barka da arziki. Sai an kawo akushi ake gane da sauran rina a kaba: lomar tuwo ta tsaya a wuya, ruwa ya sarƙe shi, muryar da ya tafi da ita ba ita ya dawo da ita ba. Tambayoyin nan su ne na fi ji daga bakin majinyata da masu jinyarsu a ɗakin duba kunne da hanci da maƙogwaro, wanda a asibitocinmu ake kira O.R.L. Likitan da ya san ciwonka shi ne mai yanke hukunci, ni dai ina so ka je gabansa ka san abin da za ka faɗa masa.

An ce an kawar da ciwon. To me ya sa har yanzu haɗiya ke ba ni wahala?

Haɗiya aiki ne da muke yi sau ɗaruruwa a yini ba mu sani ba, amma tsokoki fiye da 30 ne ke haɗa hannu a kansa. Haƙora su tauna, miyau ya jiƙa, harshe ya dunƙule lomar ya tura ta baya. Sai ƙarshen ganɗa, inda beli ke rataye, ya ɗaga ya toshe hanyar hanci. Maƙogwaro ya hau sama, igiyoyin murya su rufe, wani ɗan marfi mai kamar ganye ya kifu a kan hanyar iska, numfashi ya tsaya, lomar ta faɗa hanyar abinci. Ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka ka haɗiyi miyau, za ka ji ya yi sama ya dawo. Wannan sashen na ƙarshe kamar daƙiƙa ɗaya ne kawai. Hanyar iska da ta abinci kuwa zaure ɗaya suke shiga, shi ya sa ɗan jinkiri kaɗan ke sa mutum ya ƙware.

Aiki yakan tafi da wani yanki na harshe ko ganɗa ko muƙamuƙi, naman da aka ɗinka a gurbinsa kuma ba ya motsi irin na asali, ba ya jin taɓi irin na asali. Gashi, wanda aka saba yi kwana 5 a mako har mako 6 zuwa 7, ɓarnarsa kashi biyu ce. Ta farko tana fitowa tun mako na biyu ko na uku: baki ya saluɓe, haɗiya ta zama kamar haɗiyar garwashi, ɗanɗano ya ɗauke. Wannan takan lafa a makonnin da ke biye da gama gashin. Ta biyu a hankali take zuwa, tsokokin wuya su yi tauri kamar fatar da ta bushe a rana, wuraren da ke samar da miyau su raunana, jijiyoyin da ke jin abu ya taɓa maƙogwaro su dakushe. Ita ce wadda ta fi buƙatar a sa mata ido, domin tana iya ƙaruwa bayan watanni, har bayan shekaru.

Babanmu ba ya tari idan yana cin abinci. Ba shi ke nan lafiya lau ba?

A'a, kuma idan abu ɗaya za ku ɗauka daga wannan shafi, to ku ɗauki wannan. Tari mai gadi ne. Idan ruwa ya kauce ya nufi huhu, jijiyar maƙogwaro ce ke jin sa ta tayar da tari ya koro shi. Wanda gashi ko aiki ya kashe masa wannan ji, ruwa da kunu za su iya gangarawa huhunsa yana zaune shiru, fuskarsa ba ta nuna komai.

Akwai wani dattijo, malamin allo, da 'yarsa ta kawo mana wata biyar bayan an gama masa gashi. Sau uku a cikin wata biyu zazzaɓi na kayar da shi, kowane karo a sayo maganin zazzaɓin cizon sauro, ya ɗan ji dama, ya sake kwantawa. Na zaunar da shi sosai a kujera, na ɗora yatsuna a wuyansa, na ba shi ruwa cokali ɗaya. Zakaran wuyan ya daɗe kafin ya motsa, da ya motsa ma bai yi nisa ba. Na ce, "Baba, ka ce mini aaa." Muryar ta fito a jiƙe, tana ɓulɓul kamar ana ɗura ruwa a tulu. Ko gyaran murya bai yi ba. 'Yar ta ce, "Ai likita, kullum haka muryarsa take in ya sha shayi." Hoton ƙirji ya nuna ciwo a ƙasan huhun dama. Can abin ya fi sauka, saboda reshen hanyar iska na dama ya fi faɗi, ya kuma fi miƙewa.

Don haka ku lura da muryar da ke jiƙewa bayan ci ko sha, da idon da ke kawo ruwa a tsakiyar cin abinci, da numfashin da ke sauri bayan an gama, da kakin da ya ƙaru, da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. A ƙasarmu zazzaɓi na sauro ne har sai an tabbatar ba shi ba ne, tari mai daɗewa kuma a tura mutum gwajin tarin fuka. Duka biyun daidai ne a gwada su, amma ku faɗa wa duk ma'aikacin lafiyar da kuka je wurinsa cewa an taɓa yi wa mutumin nan gashi a wuya.

Idan na zo a duba ni, me za a yi mini?

Da hira ake farawa, kuma a nan muke shan wahala da mutanenmu. Ka tambayi Bahaushe ko Bafillace yaya jiki, ko ruwa ba ya wuce masa, amsar ita ce "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Godiya ce da kunya, ba na raina su, amma ba sa nuna mini inda matsalar take. Shi ya sa na daina tambayar yaya cin abinci. Sai in ce, "Hajiya, jiya da dare me aka zuba miki? Kin cinye? Kin gama tare da mutanen gida ko sun tashi sun bar ki? Yaushe rabonki da nama?" A nan gaskiya ke fitowa. Wata ta ce rabonta da tuwo tun kafin Babbar Sallah, wani ya ce ya daina zama cin abinci da abokansa a ƙofar gida don kada su ga ruwa na fito masa ta hanci.

Daga nan a duba baki da fitila: harshe na iya fitowa, ya taɓa kusurwar baki ta dama da ta hagu, ya ɗaga ya taɓa ganɗa? Leɓɓa na rufewa gam? Akwai miyau, ko bakin ya bushe har katakon dubawa na mannewa a kumatu? Akwai farin abu kamar guntun kindirmo da ya manne a harshe? Wannan ƙwayar cuta ce da ke yawan kama bakin da aka gasa, tana sa zafin haɗiya, kuma tana da magani mai sauƙi. A sa ka yi tari da gangan a ji ƙarfinsa. A shafa wuya a ji tauri ko kumburin da ke taruwa a ƙarƙashin haɓa, wanda ya fi yawa da safe.

Sannan gwajin haɗiya: cokalin ruwa, kurɓi ɗaya, kunu mai kauri, abu mai laushi, a ƙarshe abin taunawa. Idan ƙananan sun wuce lafiya, akan ba mutum ruwa mililita 100 ya shanye a jere, ana ƙirga daƙiƙoƙi da yawan haɗiyar da ya yi, ana sauraron muryarsa bayan ya gama. Kada ku yi wannan na ƙarshen a gida ga wanda kuka san yana ƙwarewa.

Mece ce robar da ake zurawa ta hanci, kuma mene ne hoton haɗiya?

Hannu da kunne ba sa ganin cikin maƙogwaro, shi ya sa ake da gwaji biyu na gani da ido. Na farko siririyar roba ce mai fitila da kyamara a bakinta, ba ta kai kaurin fensir ba. Ana bi da ita ta hanci har ta leƙo saman maƙogwaro, mutum na zaune a farke. Sai a ba shi ruwa ko kunu da aka ɗiga wa launi, a ga ko ya taru a lungunan maƙogwaro, ko ya taɓa igiyoyin murya, ko ya wuce ƙasansu, a kuma ga ko mutumin ya ji ya yi tari. Wata ƙwararriya a Amurka, Susan Langmore, ita da abokan aikinta suka bayyana wannan hanya a 1988. Akwai ɗan rashin daɗi a hanci da hawaye, amma ba a sa barci, cikin mintuna an gama.

Na biyu hoto ne mai motsi. A gauraya abinci da wani farin gari mai suna bariyom wanda ke fitowa a hoto, mutum na haɗiya ana ɗauka daga gefe, a ga tafiyar lomar tun daga leɓe har hanyar abinci. Shi ya fi nuna inda hanyar abinci ta tsuke, abin da gashi kan jawo, wanda kuma ake iya buɗawa. Masu karanta sakamako na amfani da ma'auni mai hawa 8 da aka fitar a 1996. Hawa na 1 babu abin da ya shiga hanyar iska, na 8 kuwa abu ya wuce igiyoyin murya mutum bai yi ko yunƙurin tari ba.

Amfanin gwajin bai tsaya ga gano matsala ba. A nan take ake gwada dabaru a ga wadda ta yi aiki: sunkuyar da haɓa, juya kai wajen gefen da ya raunana, riƙe numfashi kafin haɗiya a yi tari bayanta, ko haɗiya sau biyu a kan loma ɗaya. Dabarar da ta taimaki wani tana iya cutar da wani, don haka kar a kwaikwayi maƙwabcin gado.

A garinmu babu waɗannan na'urori. Mu zauna ke nan?

Ba za ku zauna ba. Ku sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta, a ba mutum ɗaya a gidan amanarsa. Kowane mako a auna nauyin majinyaci a sikeli ɗaya, rana ɗaya, a rubuta. Idan ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata ɗaya, ko kashi 10 a wata 6, abin ya kai a koma asibiti. Ga mai kilo 60, kilo 3 ke nan a wata, ko kilo 6 a wata shida. A rubuta abin da ya ci, da tsawon lokacin da ya ɗauka. Cin abincin da ke wuce rabin awa kullum alama ce. A rubuta ranakun zazzaɓi.

Akwai kuma takardar tambayoyi 10 da ake kira EAT-10, kowace tambaya ana ba ta maki daga 0 zuwa 4, wanda ya tara maki 3 ko fiye ana ɗaukar yana da matsalar da ta cancanci bincike. Da Faransanci za ku fi samunta a nan. Idan ɗa ko jika ne zai fassara, ya karanta tambayar yadda take, ya bar dattijon ya amsa da bakinsa. Na sha ganin yaro na amsawa a madadin mahaifinsa don ya rufa masa asiri.

Da wannan littafi a hannu, ranar da kuka isa wurin likitan O.R.L. ko mai koyar da magana da haɗiya, wanda ake ce wa ortofonis, a minti biyar zai fahimci abin da hirar awa guda ba za ta ba shi ba.

Bakina ya daina buɗewa sosai. Ana auna wannan ma?

Ana aunawa, da rula, tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Milimita 35 ko ƙasa da haka ana ɗaukar sa ƙanƙancewar buɗin baki. A gida, jera yatsunka uku a tsaye ka gwada sa su tsakanin haƙoran. In biyu ne kawai ke shiga, ka faɗa wa likita tun yanzu, domin tsokar muƙamuƙi in ta riga ta sandare dawo da ita aiki ne ja. Akan koya wa mutum miƙa muƙamuƙi sau da yawa a yini, wani lokaci da katakan duba baki da ake jerawa ana ƙara ɗaya bayan ɗaya. A ja har a ji miƙewa, kar a kai ga zafi. Wanda aka yi wa aiki a ƙashin muƙamuƙi kuwa sai da izinin wanda ya yi masa aikin.

Yaya ake auna magana? Ai kowa na jin ta canza.

Jin ta canza daban, sanin inda ta lalace daban. Abu uku ake rarrabewa. Murya daga maƙogwaro take fitowa, in ta dishe ko ta zama iska-iska, igiyoyin murya ake zargi. Fitar haruffa aikin harshe da leɓɓa ne. Magana ta hanci kuma ganɗa ce ba ta rufewa, kuma sau da yawa mai ita shi ne wanda ruwa ke fito wa ta hanci.

Don murya, a sa mutum ya cika ƙirji ya ja "aaa" iya ƙarfinsa ana duba agogo. Baligi mai lafiya yakan kai daƙiƙa 15 zuwa sama, wanda ya kasa kai 10 iska na zurarewa ta tsakanin igiyoyin da ba sa haɗuwa. Don haruffa, a sa shi ya maimaita ba-ba-ba don leɓɓa, ta-ta-ta don kan harshe, ka-ka-ka don gindin harshe, a ji wanne ya fi ba shi wuya.

A nan ina da magana da abokan aikina. Jerin kalmomin gwaji da ke cikin littattafanmu na Faransanci ne, mutumin da ke gabanmu kuwa da Hausa ko Fillanci yake ciniki, da su yake kiran jikokinsa. Faransanci ba shi da ƙ, ba shi da ts irin tamu, ba shi da ɓ da ɗ, alhali waɗannan haruffa da taimakon maƙogwaro ake yin su. Mutum zai iya cin gwajin Faransanci ya koma gida ana kasa bambance bakinsa da baƙinsa. Ni nakan sa majinyaci ya faɗi baki da baƙi, kafa da ƙafa, sara da tsara, kara da ƙara da gara, in juya masa baya don kar in karanci leɓɓansa. Sai kuma hawa da saukar murya, wanda a Hausa ke canza ma'ana ɗungurungum. Wuya na jiki da wuya ta wahala, kukan yaro da kukar miya, karin murya ne kaɗai ya raba su. Maƙogwaron da ya yi tauri ba ya hawa da sauka yadda ya saba.

Mutanen gida ba su ne alƙalan kirki a wannan ba, don sun saba, suna gane maganarsa ko da rabi ya faɗa. Ku ɗauki muryarsa a waya duk wata, jimloli iri ɗaya, ku kunna wa wanda bai san shi ba, ku ga nawa ya gane. Ku tambaye shi kuma ko ya daina ɗaga waya, ko ya daina zuwa kasuwa, ko ya ja baya daga limanci ko karatun da ya saba. Malamin allon nan da na ambata, abin da ya fi ci masa rai ba tuwo ba ne. Da ƙyar ya gaya mini cewa almajiransa sun fara biya karatu da irin tsamin bakin da ciwo ya bar masa.

An cire wa yayana maƙogwaro gaba ɗaya, yana numfashi ta rami a wuya. Zai sake magana?

Da yawa suna sakewa, ta ɗaya daga hanyoyi uku. Akwai koyon tura iska cikin hanyar abinci a dawo da ita da sauti, kamar gyatsa da aka sarrafa. Ba ta cin kuɗi, amma tana cin watanni da haƙuri, kuma ba kowa ke iyawa ba. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da ake dannawa a wuya ta ba da sauti, baki ya mayar da shi kalmomi. Sautinta a miƙe yake, don haka mai sauraro sai ya dogara da jimla kafin ya san wace wuyan ake nufi. Ta uku ɗan bawul ne da likita ke sawa tsakanin hanyar iska da ta abinci, mutum ya toshe ramin da yatsa ya yi magana. Singer da Blom suka fito da shi a Amurka a 1980. Ya fi ba da murya mai kama da ta asali, sai dai yana lalacewa, ana canza shi bayan 'yan watanni, kuma ƙwararre ne ke canzawa. Wanda ke Kusiri ko Gidar ya lissafa nisan hanya kafin ya zaɓa. In mai bawul ya fara tari duk lokacin da ya sha ruwa, bawul ɗin ne ke yoyo, a je a duba.

Ramin wuyan shi ne hancinsa yanzu. A rufe shi da ƙyalle mai tsabta, musamman da hunturu in ƙura ta taso, a kiyaye ruwa wajen wanka. Iyo a kogin Binuwai ya ƙare, shiga kwalekwale ma haɗari ne. Kowa a gidan ya san cewa in ya suma, ta wuya ake ba shi iska, ba ta baki ba.

Wane abinci ne ya fi sauƙin wucewa?

Gwaji ne ke faɗa, amma akwai abin da aka saba gani. Ruwa tsurarsa ya fi komai gudu, shi ya sa ya fi sarƙe mai jinkirin haɗiya. Abu mai warwatsewa kamar dambu, shinkafa mai warara, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da kilishi yakan maƙale a busasshen baki. Mafi yaudara shi ne abu mai ruwa da gudaji a haɗe, kamar furar da ba a dama sosai ba a cikin tsinkakken nono: ruwan ya riga ya gangara, baki na fama da gudajin. A dama ta lumui, kaurinta ya zama ɗaya. Mun yi sa'a da miyar kuka da kuɓewa da karkashi, yauƙinsu na yi wa tuwo mai laushi aikin da miyau ya daina yi. Yaji da tsamiya da lemun tsami da folere, wato zoɓo, suna ƙona bakin da bai warke ba. Kunu kuma kar a bar shi ruwan gero zalla, a sa masa gyaɗa da madara da ɗan mai, don cokali kaɗan ɗin da ke shiga ya zama mai amfani.

Kaurara ruwan sha ba na kowa ba ne. Wanda aka hana ruwa tsurarsa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, yana iya bushewa ba a ankara ba, don haka a riƙa duba launin fitsarinsa. A ci a zaune a miƙe, a zauna rabin awa bayan an gama, kar a taɓa yi wa wanda ke kwance ɗura. A wanke baki kafin ci da bayansa, domin ƙwayoyin cutar ƙazamin baki su ne ke mayar da ɗan abin da ya shiga huhu ciwo. Ƙaramin cokali na gishiri da ɗaya na bikarbonat, farar hodar nan da ake kira baking soda, a cikin litar ruwan da aka tafasa ya huce ya isa kurkure baki. Kanwa ba ta maye gurbin bikarbonat.

An ce a sa wa mahaifiyarmu robar abinci. Alamar an fid da rai ke nan?

Ko kaɗan. Robar hanci ta ɗan lokaci ce, ta ciki kuma ana sa ta in za a daɗe, kuma dukansu ana cirewa idan haɗiya ta dawo. Jikin da ke fama da yunwa ba ya warkar da rauni. Abin da za ku tambayi likita shi ne me aka yarda ta riƙa haɗiya ta baki ko da roba na nan, ko cokali kaɗan ne, saboda tsokar da aka bari ba aiki tana ƙara sandarewa.

Wasu sun ce beli ne ke hana majinyacinmu haɗiya, a kai shi wurin wanzami. Wasu sun ce a cire haƙorin da ke damunsa.

Ina roƙonku kada ku yi ko ɗaya. Naman da aka gasa jini ba ya isarsa kamar da, yanka kaɗan sai ya ƙi warkewa. Cire beli ba zai gyara haɗiyar da gashi ya taɓa ba, yana ma iya ƙara buɗe hanyar da ruwa ke bi ya fito ta hanci. Haƙori kuwa ya fi haɗari: cire shi daga muƙamuƙin da aka gasa na iya sa ƙashin ya mutu ya riƙa ruɓewa, ko da shekaru sun wuce. Duk likitan haƙorin da za a je wurinsa a fara nuna masa takardar gashi. A riƙa goge haƙora da buroshi mai laushi da man da ke da fulorayid, don busasshen baki na saurin cinye haƙori. Taba ta sha da ta leɓe da giya, a rabu da su gaba ɗaya.

Zan iya yin azumi?

Mai busasshen baki, ko mai ramewa, ko mai robar abinci, ya tambayi likitansa kafin watan ya kama, ya kai wa malaminsa amsar. Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185.

Yaya zan bambance illar magani da dawowar ciwon?

Kai kaɗai ba za ka iya ba, shi ya sa ake ba da ranakun komawa, kusan duk wata 1 zuwa 3 a shekarar farko, sannan a riƙa tsawaitawa har shekara 5. Ciwon da zai dawo ya fi dawowa a shekara biyun farko. Kar ka jira ranar da aka rubuta maka in ka ga gyambo a baki da ya wuce mako 3 bai warke ba, ko sabon ƙullutu a wuya, ko ciwon kunne a gefe ɗaya da ya ƙi tafiya, ko jini a miyau, ko haɗiyar da ta fara gyaruwa ta koma baya. Numfashi mai ƙara kamar ana busa sarewa kuwa na gaggawa ne, ko tsakar dare ne a tafi asibiti mafi kusa.

In kasala da jin sanyi da kumburin fuska suka dame ka, a gwada jininka a duba halittar nan ta gaban wuya da ake kira tiroyid, gashi kan raunana ta, maganinta kuma ƙwaya ce da ake sha kullum. Wanda aka yi wa shimiyo, wato ƙarin maganin kansa ta jijiya, da maganin sisplatin, in ya ji kunnensa na ƙara ko jinsa ya ragu, a auna masa ji.

Me zan riƙo ranar da zan zo?

Takardar aikin da aka yi maka, da takardar gashi mai nuna wurin da aka gasa da yawan zaman da ka yi, da hotuna, da duk magungunan da kake sha har da na gargajiya. Ka ɗauki hoton takardun a waya tun yau, don takarda na ɓata a hanya. Ka zo da littafin nauyi, da haƙoran roba in kana da su, da mutumin da ke dafa maka abinci ko yake zama kusa da kai in kana ci. A zubo kuma ɗan abin da ka saba ci a gida a cikin kwano mai murfi, da wanda ke wucewa da wanda ke tsayawa, da cokalin da kake amfani da shi, don a gwada ka da su a gaban likita.